Ka sa AVX2 a bitmapset.c amma PostgreSQL bai ƙara gudu ba: ga inda lokacin yake tafiya

Wani ƙanena da ke shekarar ƙarshe a karatun injiniyan kwamfuta a Marwa ya turo mini wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Yaya. Na zaɓi aikin kammala karatuna a kan hanzarta lissafin bitmaf a cikin kod ɗin PostgreSQL. Na buɗe bitmapset.c, na sake rubuta bms_union da bms_intersect da umarnin AVX2. Da na gwada su su kaɗai a kan dogayen bitmaf sun yi gudu ƙwarai. Amma da na harhaɗa PostgreSQL ɗin na jefa masa tambayoyin SQL, ban ga bambancin komai ba, wani lokacin ma kamar nauyi ya ƙara. Don Allah ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gwada aikinka a kan rumbun bayanai na gaske, kuma ka faɗi abin da ka gani ba tare da ka yi masa kwalliya ba. Wannan ya sa na ga ya dace in zauna in amsa maka da tsawo. Ina kyautata zaton AVX2 ɗinka lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen kayan da ka ɗora masa. Ka ɗauko tirela irin waɗanda ke lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su nufi Kuseri, ka ce ta kai maka mudun gero ɗaya daga kasuwa zuwa gida. Kafin direba ya tada inji, yaron da ke kan babur ya kai ya dawo.

Tun da ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba, bari in shimfiɗa tabarmar daga farko. PostgreSQL manhajar rumbun bayanai ce, bitmapset.c ɗaya ne daga fayilolin kod ɗinta, AVX2 kuwa wasu umarnai ne na furosesa da ke aiki a kan bayanai da yawa lokaci guda. Ka ɗauki littafin uwar adashe. Kowace mace tana da lambarta, kowane sati yana da layinsa, an ja masa gida-gida. Wadda ta zuba a sa mata alama a gidanta, wadda ba ta zuba ba a bar gidan fayau. Layin nan shi ne bitmaf: gida ɗaya bit ɗaya, ko 1 ko 0. In uwar adashe tana son sanin waɗanda suka zuba a wannan satin ko a wancan, sai ta jera layukan biyu ta kwashe duk gidan da ke da alama a ɗayansu. Shi ne OR, shi ne aikin bms_union. Waɗanda suka zuba a duka satin biyu, AND ke nan, bms_intersect. Waɗanda suka zuba wancan satin amma ba a gan su a wannan ba, bms_difference. Ita da yatsa take bi gida-gida. Furosesa kuwa gida 64 yake damƙa lokaci guda da umarni ɗaya. A cikin kod wannan damƙar ita ce word, ni kuwa zan kira ta ƙulli, kamar ƙullin yaji. Lamba 70 tana ƙulli na 1 gida na 6, domin daga sifili ake ƙirge, kuma 70 a raba da 64 ya ba da 1 saura 6.

To, tambayar da ya kamata ka yi kafin ka rubuta layi ɗaya ita ce: ƙulli nawa ne a cikin bitmaf ɗin da PostgreSQL ke juyawa a kullum?

Babban mai amfani da Bitmapset shi ne mai tsara hanya, wato sashen da ke karɓar tambayar SQL ya yanke shawarar wane tebur za a fara karantawa, da wane za a haɗa shi, ta wace fihirisa. Kowane tebur a cikin tambayar ana ba shi lamba daga 1 zuwa sama, kuma "wannan haɗin ya ƙunshi tebur na 1 da na 3 da na 4" ana rubuta shi a matsayin bitmaf mai suna Relids. Tambayoyin da mutane ke rubutawa tebur uku ne, biyar, takwas. In sun kai 12 ma PostgreSQL da kansa yana ajiye cikakken bincike ya koma wani salon na ƙiyasi, saboda geqo_threshold a 12 yake zuwa. Duk lambar da ba ta wuce 63 ba a ƙulli ɗaya take kwana. Ke nan zagayen da ka hanzarta, a mafi yawan lokaci sau ɗaya tak yake juyawa. Shi kuwa AVX2 bit 256 yake ɗauka, ƙulli huɗu. Kafin kod ɗinka ya kai ga umarnin, sai ya duba ko tsawon ya kai huɗu, ya ga bai kai ba, ya faɗa ɓangaren da ke kula da ragowa. In kuma ka yi yadda ya kamata, ka sa a tambayi furosesa ko ya san AVX2 sannan a kira aikin ta manuni, wato ta adireshinsa a memori, to ka ƙara wani kuɗin shiga a kan kowane kira. Nauyin da ka ce ka ji, ina ganin daga nan yake.

Abin da ke da yawa shi ne adadin kiran. Tebur 10 suna iya haifar da rukunoni har 1024, kuma a kan kowane haɗi ana tambaya: wannan yana cikin wancan? Sun haɗa wani tebur? Daidai suke? Ƙananan bitmaf ne ana ta yi musu tambaya ba iyaka. A irin wannan yanayi, OR ɗin da AND ɗin kansu kusan kyauta ne. Abin da ke cin lokaci shi ne abin da ke kewaye da su: neman wuri a memori, kwafa, sakin wurin, da bin manuni zuwa wani lungu da ba ya cikin kash, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin furosesa.

Ka sake karanta bms_union da wannan idon. Yana duba wane ne ya fi tsawo, ya kwafe shi ta bms_copy, wato palloc mai neman wuri a memori da memcpy mai kwafa, sannan ya zuba gajeren a ciki. Ga bitmaf mai ƙulli ɗaya, dukan tsarin bayit 16 ne: huɗu na alamar nau'i, huɗu na nwords mai riƙe adadin ƙulli, takwas na ƙullin. Aikin da ka zo yi umarni ɗaya ne, amma neman gidan da za a ajiye amsar ya ninka shi nesa ba kusa ba. Kamar uwar adashe ce duk sanda aka tambaye ta ko Hajiya ta zuba sai ta aiki yaro kanti ya sayo sabon littafi ta rubuta amsar a ciki. Shi ya sa fayil ɗin yake da tagwayen ayyuka. bms_union yana haifar da sabo, bms_add_members kuwa yana zubawa a cikin wanda ka ba shi. bms_intersect yana da bms_int_members, bms_difference yana da bms_del_members. In ka ga wani wuri a cikin zagaye ana yin union sannan a jefar da tsohon, canza shi zuwa add_members ya fi duk wani SIMD, wato umarnai irin AVX2, amfani.

Sama da wannan ma, sau da yawa ba a buƙatar amsar gaba ɗaya. Mai son sanin ko rukunoni biyu sun haɗa wani abu ba sai ya gina mahaɗarsu ya duba ko fanko ce ba. bms_overlap yana bin ƙulli-ƙulli, da zarar ya ga AND ɗin da ba sifili ba ya dawo, bai nemi memori ba. Mai son sanin ko memba ɗaya ne a ciki ko sun fi ɗaya ba sai ya ƙirga su duka da bms_num_members ba, akwai bms_membership da ke tsayawa da zarar ya ga na biyu. Akwai kuma wani wuri da nake so ka tsaya ka kalla da kyau a cikin bms_difference na sababbin fitowa. Kafin ya kwafi komai, yana fara kiran bms_nonempty_difference ya tambaya ko akwai abin da zai rage ma. In babu, ya dawo da NULL, wato manunin da ba ya nuna komai. A ido kamar an ninka aiki ne, an bi bitmaf sau biyu. Amma waɗanda suka rubuta shi sun lura cewa a PostgreSQL amsar da ba komai a cikinta tana yawan fitowa, kuma bin ƙulli ɗaya sau biyu ya fi arha a kan palloc da pfree mai sakin wurin. Wanda bai san irin kayan da ke wucewa ta wannan ƙofar ba, ba zai taɓa tunanin wannan dabarar ba.

Yanzu ga ɓangaren da ni ya fi burge ni, kuma a ganina nan ne darasin aikinka yake. Manyan gyare-gyaren da aka yi wa wannan fayil a 'yan shekarun nan, ƙa'idar yadda ake ajiye bayanin aka tsaurara.

Da can, bitmaf da ba kowa a ciki yana da fuska biyu: ko manunin ya zama NULL, ko ya zama tsari mai ƙulli ɗaya ko goma duk sifili. Saboda haka bms_is_empty sai ya zagaya ya leƙa kowane ƙulli. A PostgreSQL 16, wanda ya fito a Satumbar 2023, Tom Lane ya kafa doka: fanko NULL ne kawai, babu wata fuska. Duk aikin da ya cire memba na ƙarshe, shi zai saki memorin ya dawo da NULL. Daga ranar, tambayar "fanko ne?" ta koma kwatanta manuni da sifili, ba kira, ba zagaye. Sai David Rowley ya ɗora a kai a PostgreSQL 17 na Satumbar 2024: ba a yarda ƙullin ƙarshe ya zama sifili ba, duk wanda ya rage memba sai ya datse jelar. Ka duba abin da wannan doka ɗaya ta haifar. In nwords na biyun sun bambanta, bms_equal ya san ba daidai suke ba tun bai taɓa ƙulli ko ɗaya ba. In a ya fi b yawan ƙulli, bms_is_subset ya san a ba zai shiga cikin b ba, domin ƙullinsa na ƙarshe tabbas akwai wani a ciki wanda b ba shi da gidansa. Duk zagayen da a da ake yi don tabbatar da cewa ragowar dogon sifili ne, sun tafi. Kuma tunda duk bitmaf da ba NULL ba yana da aƙalla ƙulli ɗaya, an mayar da zagayen zuwa do da while, ana shiga kai tsaye ba sai an tsaya a ƙofa an tambaya ba.

Ba kyauta aka samu wannan ba. An ɗora wa masu cirewa ƙarin aiki, su ne bms_del_member da bms_int_members da 'yan'uwansu, dole su riƙa lura da ƙullin ƙarshe mai rai. Ciniki ne: a wahalar da mai rubutawa kaɗan don a hutar da mai karantawa. Ya biya ne saboda ana tambayar bitmaf sau da yawa fiye da yadda ake rage shi. A wata manhajar da ragewa ta fi tambaya yawa, wannan dokar asara za ta jawo.

Umarnin furosesa ma suna da wurinsu, ban ce ba su da shi ba. A da, don a gano bit na farko mai alama, ana yanka ƙulli bayit-bayit a duba wani jadawali mai gida 256. Daga PostgreSQL 12 na 2019 aka kawo pg_bitutils.h, aka koma amfani da umarnin da ke ƙirga sifilan gefe da kuma POPCNT mai ƙirga alamomi, wanda AMD ta kawo a 2007, Intel a 2008. bms_next_member ya amfana da wannan. Akwai kuma tsofaffin dabaru da ya kamata su zauna maka a ka: x & -x yana ware maka bit mafi ƙanƙanta, x & (x - 1) yana goge shi. Amma waɗannan an riga an girbe su, saura kala.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a nan Garwa. An kira ni in duba rumbun bayanan wasu 'yan kasuwar albasa da hatsi, inda suke rubuta buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Rahoton ƙarshen wata ya yi nauyi, sai mai lissafinsu ya danna ya zauna yana jira. An yanka babban teburin gida-gida, kowace rana da yankinta, kuma an tara shekara uku, yanki 1095 ke nan. Da na sa EXPLAIN ANALYZE, sai na ga Planning Time ya fi Execution Time. Ma'ana injin ya fi daɗewa yana shawarar hanyar da zai bi a kan tafiyar kanta. Na kunna perf, manhajar da ke nuna inda furosesa ke kashe lokaci, sai ga ayyukan bms a saman jeri. Ka ga, da na tsaya a nan, da na yi abin da ka yi: ga mai laifi, a hanzarta shi. A wannan karon ma bitmaf ɗin sun yi tsawo da gaske, domin kowane yanki yana karɓar lambarsa, lamba ta haura dubu, ƙulli 18 ke nan. Amma da na sa perf ya nuna mini masu kiran, sai labari ya canza. Mai tsara hanya yana riƙe da jerin ginshiƙan da tambayar ta ce daidai suke da juna, kowane yanki ya ƙara nasa a jerin, kuma don kowane yanki sai an bi jerin tun daga farko ana kwatanta bitmaf. 1095 sau 1095 ya kusa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ko da na rage rabin kuɗin kowace kwatantawa, ninkin yana nan daram. Abin da muka yi shi ne muka mayar da yankan wata-wata, ya koma 36, sannan muka sa sharaɗin kwanan wata a fili cikin WHERE don mai tsara hanya ya watsar da yankunan da ba ruwansu tun da wuri. Ban taɓa layin C ko ɗaya ba, rahoton ya dawo hayyacinsa. Wannan ciwon sananne ne ga masu kula da PostgreSQL. Yuya Watari da David Rowley sun daɗe a kansa, kuma gyaran da ya shiga PostgreSQL 18 a 2025 ya canza yadda ake nemo membobin jerin ne, don a daina bin waɗanda ba a buƙata.

Saboda haka in perf ya nuna maka ƙaramin aiki a sama, ka tambayi wanda ya aiko shi da sau nawa ya aiko shi. Ka kuma riƙe lissafin da Gene Amdahl ya yi tun 1967: in wani aiki kashi 3 cikin 100 na lokaci yake ci, ko ka mayar da shi sifili, kashi 3 ɗin nan kawai ka samu.

Game da awon kansa, akwai abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba za su gaya maka ba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, kwamfutar cinya tana rage gudun furosesa da kanta don kada ta ƙone. In ka gwada tsohon kod da safe, sabon da azahar, zafin rana ka auna. In wuta ta ɗauke tsakiyar gwaji injin ya koma kan batir, nan ma gudu ya canza. Ni bayan sallar asuba nake awona, injin a jone da wuta, a ɗage shi daga kan katifa ko tabarma don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ka riƙa karɓa-karɓa, tsoho, sabo, tsoho, sabo, sau da yawa, ka ɗauki na tsakiya, ka kuma rubuta tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. In bambancin da kake murna da shi bai fi wannan tazarar ba, ba ka ga komai ba tukuna. Kada ka auna gudu da PostgreSQL ɗin da aka harhaɗa da --enable-cassert, domin binciken da yake yi a kowane kira yana lulluɓe komai. Tunda mai tsara hanya kake aunawa, ka ba pgbench, manhajar awon gudun PostgreSQL, fayil mai EXPLAIN zalla ba tare da ANALYZE ba, don kada karatun faifai ya shiga lissafi. Shi kuwa ƙaramin gwajin da ya ba ka sakamako mai daɗi, ka san cewa a cikinsa bayanan suna zaune a kash, furosesa ya haddace inda kowane reshe zai karkata, kuma kai ka zaɓi tsawon da ya dace da tirelarka.

Kada ka jefar da AVX2 ɗin, akwai inda ake nemansa. Kalmar bitmaf a rumbun bayanai ba abu ɗaya take nufi ba.

A cikin PostgreSQL ɗin ma akwai na biyu, tidbitmap.c, wanda ke bayan Bitmap Index Scan da BitmapAnd da BitmapOr tun fitowar 8.1 a 2005. Shi yana tara adireshin layukan da fihirisa ta nuna, shafi-shafi, don a karanta tebur a jere. Shafin bayit 8192 ba ya ɗaukar layi fiye da 291, saboda haka bitmaf ɗin kowane shafi ƙulli biyar ne. Abin da ke kashe gudu a nan shi ne in work_mem, wato memorin da aka ware wa aikin, wanda yake zuwa a 4MB, ya cika. Sai ya daina tuna layi ya koma tuna shafi kawai, daga baya a sake tantance duk layukan shafin. In ka ga lossy da babbar lamba a layin Heap Blocks, maganin yana wajen work_mem ko fihirisar da ta haɗa ginshiƙan biyu.

Na uku su ne dogayen bitmaf na gaske, masu gida ɗaya ga kowane layin tebur, miliyoyi. A nan matsalar farko wuri ce. Bitmaf irin na bitmapset.c in ka sa masa lamba 1,000,000 ita kaɗai, sai ya buɗe ƙulli 15,626, duk sifili ban da na ƙarshe. Tsarin Roaring, wanda Daniel Lemire da Samy Chambi da Owen Kaser da Robert Godin suka fitar, ya warware wannan da wani lissafi mai tsabta. Ana yanka lambobi kashi-kashi, kowane kashi gida 65,536. Bitmaf ɗin kashi ɗaya bayit 8192 ne, ƙulli 1024. In kuwa membobin kashin ba su wuce 4096 ba, jera su a matsayin lambobi masu bayit biyu-biyu ba zai wuce bayit 8192 ɗin ba. To a daidai nan aka ja iyaka: ƙasa da ita jeri, sama da ita bitmaf. Daga baya aka ƙara nau'i na uku don lambobin da ke bin juna ba yankewa, a rubuta mafari da tsawo kawai. Manhajojin Lucene da Spark da Druid da ClickHouse duk suna amfani da wannan tsari. Ka ga AND tsakanin kashi biyu masu ƙulli 1024, tsawo sananne, ba ragowa, ba reshe. Wannan shi ne lodin tirela: juyi 256 da AVX2 a maimakon 1024. Ko a nan ɗin ma, dabarar kauce wa aiki tana gaba. In adadi kawai ake so, a ƙirga alamomin ana cikin AND ɗin ba tare da an rubuta sakamakon ba. In bitmaf da yawa za a yi wa AND, a fara da mafi ƙanƙanta, a tsaya da zarar ya zama fanko. Kuma in bayanan sun fi ƙarfin kash, gudun memori ne zai yi maka iyaka, faɗin umarni ba zai ƙara komai ba. PostgreSQL 17 ya karɓi AVX-512, mai ɗaukar ninkin abin da AVX2 ke ɗauka, don ƙirga alamomi, amma a kan dogayen jerin bayit aka sa shi, irin taswirar da ke nuna shafukan da kowa ke iya gani. Kafin ka rubuta naka da hannu kuma, ka buɗe abin da kompaila ya fitar, domin zagaye mai sauƙi irin na OR sau da yawa shi da kansa yake mayar da shi SIMD in an ba shi dama.

Sai maganar da ta fi gudu muhimmanci. Kuskure a wannan fayil sau da yawa shiru yake yi, injin ba zai faɗi ba, amsa ce kawai za ta fito ba daidai ba, buhu ya ɓace a lissafi ba wanda ya sani. Tarkon farko shi ne rubuta 1 << n. Wannan 1 ɗin int ne mai bit 32, da n ya kai 31 ka fita daga abin da harshen C ya yi alkawari. Sai ka fara mayar da shi bitmapword, nau'in ƙullin. Na biyu, __builtin_ctzll, mai ƙirga sifilan gefe, a kan sifili ba shi da tabbatacciyar amsa, dole ka duba kafin ka kira. Na uku ya fi su haɗari, kuma yana tare da shawarar da na ba ka a sama. Ayyukan da ke zubawa a cikin wanda aka ba su suna iya ƙaura da shi zuwa wani wuri ko su sake shi, saboda haka dole ka karɓi manunin da suka dawo da shi. In kuma wani tsari dabam yana riƙe da wannan manunin, ka ɓata masa kaya yana barci. Kafin ka mayar da bms_intersect zuwa bms_int_members a kowane wuri, ka bi sawun bitmaf ɗin ka tabbata naka ne kai kaɗai. A PostgreSQL 17 akwai REALLOCATE_BITMAPSETS, wanda in ka kunna shi yake tilasta ƙaura a duk sanda aka taɓa bitmaf, don mai riƙe da tsohon manuni ya tonu da wuri. Ka haɗa shi da --enable-cassert da Valgrind mai kama kurakuran memori. Sannan ka rubuta wani sakaran kwafi mai bin gida-gida irin na uwar adashe, ka riƙa jefa musu lambobin da ba a tsara ba, shi da naka, ka kwatanta amsa. Ka matsa a bakin iyaka: 0, 63, 64, 127, 128, NULL ta hagu, NULL ta dama, da lokacin da a da b manuni ɗaya ne.

Da ni ne kai, ga yadda zan juya aikin kammala karatun, kuma ina ganin malaminka zai karɓa hannu biyu. Ka sa ɗan maƙirgi a cikin kowane aiki na bitmapset.c da zai riƙa rubuta sau nawa aka kira shi da kuma nwords nawa ya gani. Ka gudanar da make check, wato gwaje-gwajen PostgreSQL na kansa, sannan tambayoyi masu tebur 3 da 8 da 11, sannan tebur mai yanki 10 da 100 da 1000. Jadawalin da zai fito shi ne babinka na farko, kuma shi zai bayyana da lambobi dalilin da ya sa facinka bai motsa komai ba. Babi na biyu ka nemo tsawon da AVX2 ɗinka ya fara cin riba a kan zagaye na yau da kullum, ƙulli 4 ne, 8 ne, ko 32, a kan injinka. Na uku ka ɗora shi a kan kashi mai ƙulli 1024 irin na Roaring, ka auna AND da OR da ƙirga, bayanan suna cikin kash da kuma sun fi ƙarfinsa.

In ka gama jadawalin farko ka turo mini, tare da sunan furosesan da ka yi gwajin a kai da lokacin da ka yi shi, mu duba tare. A gaida malaminka da mutanen gida.